Dashen Gashi: Yadda Za Ku Zaɓi Likita

Mutanenmu da yawa suna da dangi a Sudan. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903 Hausawa da Fulani suka zauna a Mai Wurno, bakin kogin Nilu, wasu kuma suka tsaya kan hanyar Makka. Yau akwai zuriyarsu a Hartum da Omdurman. Saboda wannan zumunci, mutane sukan tafi can neman magani. A cikin abin da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp har da dashen gashi. Wannan ɗan littafi zai bayyana muku aikin, da wanda ya dace a yi masa, da yadda za ku gane likitan kirki.

Mene ne dashen gashi?

Duk manomi ya san dashen albasa. Ana cire ta daga inda aka yafa iri, a kai ta wani fage. Haka dashen gashi yake. Likita yakan ciro saiwar gashi daga ƙeya da gefen kai, ya dasa a inda sanƙo ya ci. Kowace saiwa tana ɗauke da gashi 1 zuwa 4.

Aikin ba sabo ba ne. Wani likitan Japan, Shoji Okuda, ya rubuta bayaninsa a 1939. A 1959 Norman Orentreich na Amurka ya nuna cewa gashin ƙeya yana riƙe halinsa ko an canza masa wuri. Shi ya sa ba ya saurin zubewa bayan dashe.

Hanya biyu ce. A ta farko ana yanko siririyar fata daga ƙeya, a rarraba saiwoyin, a ɗinke wurin. Tana barin tabo mai tsawo. A ta biyu ana cire saiwa ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙaramin ƙarfe. Tana barin ƙananan tabo kamar ɗigo. Ku lura da wannan: dashe ba ya ƙara yawan gashi, wuri kawai yake canza masa. Abin da aka cire daga ƙeya ba ya sake tsirowa a can. Idan mugun hannu ya ɓata shi, ya tafi ke nan.

Ba kowane zubar gashi ke son wuƙa ba

Zubar gashi 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Idan ya wuce haka, sai a nemi dalili.

Makero a kan yara yana cinye gashi. Maganinsa na sha ne, kamar griseofulvin, na mako 6 zuwa 8. Man shafawa kaɗai ba ya isa.

Mace takan zubar da gashi watanni kaɗan bayan haihuwa, ko bayan zazzaɓi mai tsanani, ko don ƙarancin jini. Yawanci yakan dawo idan jiki ya murmure.

Kitso mai tsauri yana jan gashin goshi har ya tsinke. Idan an sassauta da wuri, yakan tsiro. Idan an daɗe, saiwar takan mutu.

Zubewar gashin gira tana iya zama alamar kuturta. Ku zo asibiti da sauri. Maganin kuturta kyauta ne, kuma ana warkewa.

Wanda dashe ya fi yi wa amfani shi ne mai sanƙon gado da zubar ta lafa, da mai tabon ƙuna ko rauni da ya riga ya warke. Saurayi ɗan shekara 20 bai kamata ya yi gaggawa ba, domin sanƙonsa bai gama nuna iyakarsa ba. Saboda haka ku fara da likitan fata. Akwai magunguna kamar minoxidil da finasteride masu rage zuba, amma sai da izinin likita. Mace mai ciki kada ta sha finasteride, yana iya cutar da ɗan da ke ciki.

Halin da ake ciki a Hartum da Omdurman

Sudan ta daɗe tana horar da likitoci. An buɗe makarantar likita a Hartum tun 1924, ita ce ta zama sashen likitanci na Jami'ar Hartum. Amma a ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke. Asibitoci da yawa sun rufe, an lalata wasu, an kwashe kayan wasu. Likitoci da dama sun koma Port Sudan, ko Masar, ko ƙasashen Larabawa. Asibitin Al Nao na Omdurman yana cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba da aiki, kuma masu raunin yaƙi ne suka cika shi. An sha wahalar ruwa da lantarki, kwalara ma ta ɓulla.

Sanƙo ba ya kisa. Kada wani ya sayar da gona ko saniya ya shiga ƙasar da ake yaƙi saboda gashi. Wanda yake zaune a can kuwa, ya sani cewa allon suna a bakin ƙofa ba shaida ba ne cewa likitan yana ciki. Ya gan shi da idonsa.

Tambayoyin da za ku yi

Matambayi ba ya ɓata. Ko a Hartum ne, ko Alkahira, ko Istanbul, ko Kano, tambayoyin iri ɗaya ne.

1. Yana da rajista? A Sudan, Majalisar Likitocin Sudan ce ke yi wa likita rajista. A Nijeriya kuwa hukumar MDCN ce. Ku nemi cikakken sunansa da lambarsa. Ɗan'uwa mai karatu ya taimake ku a bincika.

2. A wane fanni ya ƙware? Wanda ya dace shi ne likitan fata, ko likitan tiyatar gyaran jiki, wanda ya koyi wannan aiki musamman.

3. Wa zai riƙe ƙarfen? A wurare da yawa likita yakan gaishe ku ya fita, ya bar wa ma'aikatan da ba likitoci ba yanka da huda. Ku ce a rubuta muku sunan wanda zai yi aikin.

4. Ya taɓa yi wa mai gashi irin namu? Gashinmu a murɗe yake, saiwarsa ma a lanƙwashe take a cikin fata. Wanda bai saba ba zai yi ta tsinka ta. Ku nemi hotunan baƙaƙen fata da shi kansa ya yi wa aiki, bayan shekara guda.

5. Ya tambaye ku labarin tabo? Fatar wasunmu takan yi tabo mai tudu da ƙaiƙayi bayan hujin kunne, ko tsaga, ko aski. Mai irin wannan fata yana cikin haɗari. Haka ma mai ƙuraje masu tauri a ƙeya.

6. Ya auna lafiyarku? Dole a duba hawan jini, da sukari, da jini. Ku faɗi duk maganin da kuke sha, na asibiti da na gargajiya.

7. Yaya tsabtar wurin? Kayan da ba a tsabtace sosai ba suna ɗauko ciwon hanta da cutar HIV daga wani zuwa wani. Allurar kashe zafi ma, idan ta yi yawa, tana iya taɓa zuciya. Ku tambaya ko akwai iskar taimakon numfashi, da asibitin da za a kai ku idan abu ya ɓaci.

8. Wa zai duba ku bayan kun koma gida?

Alamun da za ku guje wa

Ku guji wanda ya yanke kuɗi daga ganin hoto a waya. Ku guji dillalin da ke cewa "yau kaɗai aka rage". Ku guji wanda ya rantse cewa gashi zai dawo kamar na yaro. Ku guji wanda tambaya ke ɓata masa rai. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar gwaninta ba ce. Likitan kirki yana iya ce muku, "Wannan aiki bai dace da kai ba." Irinsa ne abin amincewa.

Bayan aiki

Gashin da aka dasa yakan zube cikin makonnin farko. Kada ku tsorata, saiwar tana nan. Sabo yakan fara fitowa bayan wata 3 zuwa 4, amma sai shekara ta zagayo ake ganin ƙarshen aikin. Kada ku sosa. Kada ku shafa toka, ko man gargajiya, ko lalle. Ku tambayi likita ranar da za ku soma sa hula ko ɗankwali. Idan kun ga ruwan mugunya, ko zazzaɓi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko fatar ta yi baƙi, ku je asibiti a ranar.

Kafin ku biya kowa ko sisi, ku zo asibiti mafi kusa a duba kanku. Sau da yawa maganin yana kusa da gida. Sanƙo kuma ba abin kunya ba ne, dattawan kirki da yawa suna da shi. Allah ya ba mu lafiya.