Sarrafa Maganaɗisu da Matsin Lantarki: Bayani Kan Abubuwa Masu Hali Biyu

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan wani fanni na kimiyyar fiziks wanda ya shafi wayar salula da kwamfuta. Kafin a shiga bayanin, ya kamata ɗalibi ya bambance kalmomi biyu. Kwararar lantarki ita ce tafiyar wuta a cikin waya, kamar yadda ruwa yake gudu a cikin bututu. Matsin lantarki kuwa shi ne ƙarfin da yake tura wutar, kuma yana iya kasancewa ko da babu abin da yake gudu, kamar ruwan da aka tare a tanki.

Inda matsalar take

A shekarar 1820, Hans Christian Ørsted, mutumin Danmak, ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan wuta ta ratsa wayar da ke kusa da ita. Tun daga lokacin, kwararar lantarki ce hanyar da aka fi bi wajen juya maganaɗisu. Haka ake rubuta bayanai a faifan ajiya na kwamfuta: ɗan ƙaramin maganaɗisu ya fuskanci wannan ɓangare, an rubuta 0, ya fuskanci wancan, an rubuta 1. Sai dai duk inda wuta ta kwarara, zafi yana tashi, kuma zafin nan asarar makamashi ne. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin adana bayanai sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya. Saboda haka masana suke neman yadda za a juya maganaɗisu da matsi kawai, ba tare da kwarara ba.

Tarihin binciken

A 1894, Pierre Curie na Faransa ya nuna cewa a ƙa'ida ana iya samun abin da matsin lantarki zai haifar masa da maganaɗisu. A 1959, Igor Dzyaloshinskii na Tarayyar Sobiyet ya yi hasashen cewa za a ga hakan a haɗin kuromiyom da oksijin, kuma Astrov ya tabbatar da shi a ɗakin gwaji a 1960, amma tasirin ya yi rauni ƙwarai. A 1994 ne Hans Schmid na Jami'ar Janeba ya raɗa sunan maltiferowik, wato abu ɗaya mai tattare da hali fiye da ɗaya.

Halaye biyun

Hali na farko shi ne na maganaɗisu. Kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe tamkar ƙaramin maganaɗisu ce, kuma ƙwayoyin suna jeruwa bisa tsari. Hali na biyu na lantarki ne: ƙwayoyi masu cajin ƙari da masu cajin ragi suna ɗan gocewa daga tsakiya, sai abin ya sami kai da gindi ta fuskar lantarki, kuma matsi yana iya juya su. Idan halayen suna ɗaure da juna, to da an juya ɗaya, ɗayan ma zai motsa.

Irin waɗannan abubuwa ba su da yawa. A shekarar 2000, Nicola Spaldin, wadda a lokacin ake kira Nicola Hill, ta bayyana dalili. Halin lantarki yakan buƙaci wani zagayen ilektiron na ƙwayar ya zama fanko, maganaɗisu kuwa yana buƙatar a sami wasu ilektiron a wannan zagayen. Ke nan ƙwaya ɗaya ba ta cika ɗaukar aikin biyu ba.

Misalin bismut feraiti

Wannan haɗi ne na bismut da ƙarfe da oksijin, inda aka raba aiki: bismut ya riƙe halin lantarki, ƙarfe ya riƙe na maganaɗisu. Halin lantarki yana nan har wajen digiri 830 a ma'aunin Selshiyos, na maganaɗisu har wajen digiri 370, don haka duka biyun suna aiki a zafin ɗaki. A 2003, ƙungiyar Ramamoorthy Ramesh a Jami'ar Maryland ta Amurka ta shimfiɗa shi siriri sosai, ta sami halin lantarki mai ƙarfi. Cikas ɗinsa shi ne, ƙwayoyin ƙarfe maƙwabta suna fuskantar akasin juna, sai maganaɗisun ya kusa soke kansa. Mafita ita ce a ɗora masa siririn haɗin kobalt da ƙarfe. A 2014, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun juya maganaɗisun wannan shimfiɗa da matsin lantarki a zafin ɗaki. A ƙarshen 2018 kuma, masanan kamfanin Intel da na wannan jami'a suka gabatar da tsarin wata na'ura da suka kira MESO bisa wannan dabara.

Kammalawa

Har yanzu aikin yana matakin ɗakin gwaji. Ana buƙatar rage matsin da ake juyawa da shi zuwa ƙasa da bolt ɗaya da nisa, a kuma tabbatar abin zai jure juyi biliyoyi ba tare da lalacewa ba. Idan an cimma waɗannan, za a sami na'urori masu ƙarancin zafi da batir mai daɗewa, abin da zai fi amfanar wuraren da ake cajin waya da hasken rana ko janareta.