Jarrabawar Manyan Digiri: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Mairi na maƙwabtaka da Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, kuma ɗakunan haya na unguwar cike suke da ɗalibai. Cikinsu akwai masu digiri na biyu da na digirgir, waɗanda hirarsu ba ta wuce "yaushe ne difens ɗinka?" Wanda ya samu gurbin karatu a Amurka kuwa, zai tarar da wata jarrabawar da bai saba da ita ba, wato jarrabawar game-fanni.

Mece ce jarrabawar game-fanni?

A jami'o'in Amurka da Kanada, ɗalibin digirgir yakan shafe shekara biyu ko uku yana ɗaukar darussa. Daga nan sai a titsiye shi a kan fanninsa gaba ɗaya, tun kafin ya fara rubuta kundi. Shi da malamansa sukan amince da jerin littattafai da maƙalun da zai karanta. Akwai ɓangaren rubutu, wanda kan ɗauki kwanaki, sannan na baka, a gaban kwamitin malamai uku zuwa biyar. Wanda ya faɗi yawanci akan ba shi dama ta biyu. Idan ya sake faɗuwa, sai a sallame shi, sau da yawa da digiri na biyu a hannu.

Manufar ita ce a tabbatar mutum ya san gonar kafin ya zaɓi kunyar da zai noma.

A nan gida fa?

Tsarinmu ya fi kama da na Ingila, inda kundin bincike shi ne komai, sai dai mun ƙara darussa a farko. Nauyin ya rarrabu a matakai. Ɗalibi zai ci jarrabawar darussa, kuma a wannan mataki maki 50 ne mafi ƙarancin ci. Sai ya kare shawarar bincikensa a gaban malaman sashe, ya gabatar da sakamakonsa a semina, ya yi difens na cikin gida. Ƙarshe a gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a, wanda zai karanta kundin ya yi tambayoyi baka da baka. Bayan gyare-gyare, Makarantar Manyan Digiri ta miƙa sakamako ga majalisar jami'a ta amince.

Ga mai son wucewa digirgir, jami'o'i da yawa na neman matsakaicin maki 3.5 cikin 5 a digiri na biyu. Wanda ya gaza kaɗan, wasu kan ɗauke shi a matakin MPhil, in ya yi ƙoƙari a ɗaga shi.

Ina ake yawan tuntuɓe?

A kare shawarar bincike. Nan ne wani farfesa zai tambaya, "Wa ya taɓa yin irin wannan aiki, me ya bari wanda kake son cikewa?" Ɗalibin da ya karanta abin da ya shafi takensa kaɗai, sai gumi ya karyo masa. A ganina wannan ne raunin tsarinmu: ana iya samun dakta da ya ƙware a kan kifin Tafkin Chadi, amma a ba shi aji ya koyar da tushen fannin, ya riƙa kame-kame. Jarrabawar Amurka na da tsanani, wani lokaci har ya wuce kima, amma tana toshe wannan kafa.

Lokaci

Kada ka yi lissafi da kalandar takarda kawai. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma ko ba yaji, sai mai duba aikinka ya sa hannu, sai mai jarrabawa na waje ya samu sukunin zuwa Maiduguri. Kafin ka biya hayar shekara a Mairi, nemi littafin ƙa'idojin Makarantar Manyan Digiri, ka duba iyakar zangunan da aka yarda ɗalibi ya yi da kuma kuɗin sabunta rajista na kowace shekara.