Bindiga a Hannun Wa? Yadda Ɗaliban Sakandare Suka Shiga Muhawarar da Ta Gagari Manya a Amurka

Ranar 14 ga Fabrairu, 2018, wani matashi ɗan shekara 19 ya kutsa cikin makarantar sakandaren Marjory Stoneman Douglas da ke garin Parkland, a jihar Fulorida ta Amurka, ɗauke da bindiga samfurin AR-15. Cikin 'yan mintoci ya kashe mutum 17, wato ɗalibai 14 da ma'aikata 3. Tsohon ɗalibin makarantar ne. Abin da zai fi ɗaure mana kai shi ne, a kanti ya sayi bindigar yana ɗan shekara 18, kuma dokar lokacin ta yarje masa.

Ta yaya haka ta yiwu? Amsar tana cikin kundin tsarin mulkin Amurka. Gyara na biyu da aka yi wa kundin a 1791 ya kare 'yancin jama'a na mallakar makami. An daɗe ana jayayya ko 'yancin na dakarun sa-kai ne kawai ko na kowa ne. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke cewa mutum yana da 'yancin ajiye bindiga a gidansa don kare kai, a 2022 kuma ta ce 'yancin ya haɗa da fita da ita waje. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta a 2018 cewa fararen hula a Amurka suna riƙe da bindigogi kusan miliyan 393, adadin da ya zarce yawan mutanen ƙasar.

Masu kare wannan 'yanci, da ƙungiyar NRA a kan gaba, suna cewa ɗan fashi ba ya neman lasisi, don haka tsaurara doka mutumin kirki kawai take ɗaure wa hannu. Suna kuma tunatar da cewa wanda ke zaune a ƙauye mai nisa ba zai iya jiran 'yan sanda ba idan an afka masa da dare.

Masu neman a tsaurara doka kuwa alƙaluma suke nunawa. A 2021 mutum sama da 48,000 ne bindiga ta yi ajalinsu a Amurka, fiye da rabinsu kuma su suka harbe kansu. Suna kawo misalin Ostireliya, wadda bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996 ta haramta wasu nau'o'in bindigogi, gwamnati ta saye kimanin 650,000 daga hannun jama'a ta lalata.

Cikin wannan tsohuwar taƙaddama ɗaliban Parkland suka sa baki, alhali da yawansu ba su ma kai shekarun jefa ƙuri'a ba. Irin su Emma González da David Hogg sun yi magana a talabijin, wasu ɗaliban suka cika motoci zuwa majalisar jihar. Buƙatunsu a fayyace suke: a binciki tarihin duk mai son sayen bindiga, a hana sayar da masu kama da na yaƙi. Ranar 9 ga Maris, ƙasa da wata guda bayan harin, Gwamna Rick Scott ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun sayen bindiga daga 18 zuwa 21, ta sa jiran kwana 3 kafin a miƙa wa mai saye, ta kuma ba kotu ikon karɓe bindigar wanda ake fargabar zai yi ɓarna. Ranar 24 ga Maris dubban ɗaruruwan mutane suka fito gangamin da ɗaliban suka shirya a birnin Washinton.

Ba duk abin da suka nema suka samu ba. Har yanzu ana sayar da AR-15 a Fulorida. A Mayun 2022 an sake kashe yara 19 da malamai 2 a wata firamare a Uvalde, jihar Texas, kafin Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta ƙara bincike kan masu sayen bindiga 'yan ƙasa da shekara 21.

Mu ma tambayar ta iso ƙofarmu. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana mallakar bindiga sai da lasisi. Amma a Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta shawarci jama'a su nemi lasisi don kare kansu daga 'yan bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, kuma ya nuna rashin amincewa. Wanda aka kashe wa uba a gona yana da hujja. Wanda ke tsoron faɗan kasuwa ya koma harbe-harbe shi ma yana da tasa.

Idan batun ya zo ƙungiyar muhawara ta makarantarmu, kada mu tsaya kan "a bayar" ko "a hana". Mu tambaya: wa za a ba, wace iri, wa zai bincike shi, wa kuma zai karɓe ta idan ya kauce hanya? Da irin waɗannan tambayoyi ne 'yan sakandare suka sa aka canza doka a Fulorida.