Tallafi ko kasuwa: Ina manomin Tsafe a muhawarar ƙasashe masu arziki?

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a gidajen man Arewa. A Tsafe, garin da ke kan titin Gusau zuwa Funtuwa, an ji raɗaɗin a kuɗin mota, da kuɗin niƙa, da man injin ban ruwa na masu noman rani.

Hujjar waɗanda suka yaba wa matakin, ciki har da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, tsohuwa ce: gwamnati ta tsame hannunta, kasuwa ta yanke farashi. Ita ce aƙidar masu ra'ayin riƙau da Margaret Thatcher ta ɗabbaƙa a Birtaniya daga 1979, Ronald Reagan kuma a Amurka daga 1981, wato rage haraji, da sayar da kamfanonin gwamnati, da karya lagon ƙungiyoyin ƙwadago. Ɗaya ɓangaren, masu ra'ayin kawo sauyi, cewa suke yi a karɓi haraji mai yawa, a mayar wa jama'a ta hanyar asibiti da makaranta da fansho. A Denmark da Faransa harajin da ake tarawa yana kusan kashi 45 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. A Amurka bai kai kashi 30 ba.

Sai dai da an zo kan noma, gardamar takan lafa. Tarayyar Turai tana kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafinta a kan shirin tallafa wa manoma da yankunan karkara, kuma gwamnatocin ɓangarorin biyu sun yi ta zuwa suna wucewa ba tare da sun rushe shi ba. Donald Trump na jam'iyyar Republican, mai iƙirarin bin kasuwa, ya ware kusan dala biliyan 28 ga manoman Amurka a 2018 da 2019 domin rage musu asarar rikicin cinikinsa da China. A 2022, da farashin iskar gas ya tashi bayan mamayar Rasha a Ukraine, Liz Truss ta jam'iyyar Conservative ce ta ƙayyade kuɗin wuta da gas na gidajen Birtaniya, gwamnati ta cike giɓin. Sunansa tallafi, ko da ba a kira shi haka ba.

Auduga ce ta fi fito da wannan a fili, kuma ita ce ta fi shafar ƙasar Zamfara. A 1986, ƙarƙashin shirin SAP na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, an rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da na auduga da gyaɗa. Hukumomin ba waliyyai ba ne, sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya. Amma ta hannunsu ake raba iri, ake tantance inganci, manomi kuma ya san inda zai kai kayansa. Da suka tafi babu abin da ya maye gurbinsu. Ga ƙarancin lantarki, ga atamfar fasa-ƙwauri, masaƙun Kaduna da Kano da ta Gusau suka bi juna suna rufewa.

A daidai shekarun nan Amurka ba ta daina biyan manoman audugarta ba. Brazil ta kai ƙararta gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2002, ta yi nasara, har a 2014 Amurka ta amince ta biya dala miliyan 300 a rufe maganar. Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali ma sun kai kukansu taron Cancun na 2003. Wato maganin da aka rubuta wa manomin Tsafe, masu rubutawar ba su sha shi a gida ba.

Arewa ma tana da tata muhawarar, kuma ba ta yi kama da ta Turai ba. A can masu ra'ayin kawo sauyi ƙarin haraji suke nema. A nan, da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna a 1979, abin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi shi ne soke haraji da jangali, domin talaka ne ke biya, ba ya kuma ganin amfaninsa. Har yau harajin da Najeriya ke tarawa ɗan kaɗan ne: bai kai kashi 11 na arzikin ƙasa ba a 2021, a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa.

Wannan ba ya nufin manomin Tsafe ya huta da biya. A ƙauyuka da dama na ƙaramar hukumar, 'yan bindiga ne ke ɗora wa gari kuɗi kafin a yi shuka, su sake ɗorawa kafin a girbe. Wani wurin har aikin gayya ake tilasta wa mutane su yi a gonakin 'yan bindigar. Ko Thatcher da Reagan, duk da son rage girman gwamnati, ba su taɓa cewa a bar wa kasuwa tsaro ba, Reagan ma ƙara kasafin soja ya yi. Tun bayan cire tallafin mai, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, kuma a Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara. Amma taki da ake sayar da buhunsa naira 5,500 a farkon shirin takin gwamnatin Buhari ya ninka sau da yawa, kuma mai gona a bayan gari sai ya fara haɗa kuɗin masu daji kafin ya yi maganar taki.