Siririn Mai da Ke Ɗauke da Injin Tsohuwar Tarakta

Tsakanin shekarar 1946 da 1956, wata masana'anta a birnin Kobantiri na ƙasar Ingila ta ƙera ƙaramar tarakta mai ruwan toka, samfurin Ferguson TE20, har fiye da guda dubu 500. Yawancinsu yanzu sun haura shekara 70, amma har yau akwai waɗanda ke jan garma. Idan injin irin wannan tsohuwa ya fara ƙwanƙwasa daga ƙasa, allurar ma'aunin mai kuma ta riƙa faɗuwa da zarar ya ɗauki zafi, to makaniki ya san an zo wurin. Sai an sauke inji an sake boris ɗin kiranshaf, wato waɗanda masu gyara a garejojinmu ke kira mital.

Kiranshaf shi ne sandan ƙarfe mai gwiwoyi da ke mayar da hawa da saukar fistan ya zama juyi. A injin fetur mai fistan 4 da kamfanin Standard ya yi wa wannan tarakta, sandan yana kwance a kan manyan boris 3, sa'an nan kowane fistan yana da nasa a inda hannunsa ya kama gwiwa. Waɗannan boris ba su da ƙwallaye irin na keke. Kowanne ɓare biyu ne, kamar an tsaga zobe, bayansa ƙarfe mai tauri, cikinsa kuwa an shafe shi da ƙarfe mai laushi. Wani Ba'amurke, Isaac Babbitt, shi ya ƙirƙiro irin wannan haɗi na kuza da tagulla da antimoni a 1839. Da gangan aka sa shi laushi, domin idan ƙwayar yashi ta shiga ta nutse a cikinsa maimakon ta karce kiranshaf, kuma idan lalacewa ta zo, abu mai araha ya fara tafiya.

Abin mamaki shi ne, muddin inji lafiyayye yana aiki, kiranshaf ba ya taɓa boris ko kaɗan. A kan mai yake yawo. An gano haka ne ba zato a 1883, lokacin da wani injiniya Bature, Beauchamp Tower, ke gwajin boris na ƙafafun jirgin ƙasa. Ya huda rami a saman boris don zuba mai, sai ya ga mai na bulbulowa. Ya toshe da toto, mai ya turo shi waje. Ya buga katako, shi ma ya fito. A 1886 Osborne Reynolds na Manchesta ya bayyana dalilin da lissafi. Sandan ya ɗan fi ramin da yake ciki ƙanƙanta, saboda haka ratar da ke tsakaninsu tana da faɗi a gefe ɗaya, tana tsukewa a ɗaya gefen. Mai yana da danƙo, yana manne wa ƙarfe. Yayin da sandan ke juyawa yakan ja man zuwa inda ratar ta tsuke, man ya rasa mafita, matsinsa ya hau har ya ɗaga sandan, kamar yadda ake cusa itace mai tsini ƙarƙashin dutse a ɗaga shi.

Ɗalibai da yawa kan ɗauka famfon mai ne ke ɗauke da nauyin. Ba haka ba ne. Matsin famfon bai wuce fam 40 zuwa 60 a kan kowane murabba'in inci ba, alhali wanda juyin sandan ke haifarwa ya ninka wannan sau da yawa. Aikin famfo shi ne ya kai mai wurin ba yankewa, ya kuma kwashe zafi.

Saboda haka duk aikin haɗa inji ya ta'allaƙa ne a kan wannan rata. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce wajen milimita 0.025 ga kowane milimita 25 na kaurin sandan. Ke nan a injin tarakta ratar ba ta kai kaurin gashin kan mutum ba. In ta yi yawa, mai ya tsiyaye ta gefe, matsi ya faɗi. In ta yi kaɗan, mai ya kasa wucewa, boris ya narke. Ana aunawa da wani zaren roba mai laushi da ake kira Plastigauge. Sai a ɗora guntunsa a kan busasshen sandan, a rufe, a ɗaure noti yadda ya kamata ba tare da an juya kiranshaf ba, sa'an nan a buɗe a gwada faɗin da zaren ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Idan sandan ya ci ko ya daina zama da'ira, akan kai shi a rage masa milimita 0.25 ko 0.50, a sayo boris mai kaurin da zai cike gurbin.

Wajen haɗawa, bayan boris da mazauninsa dole su kasance a bushe, tsaf-tsaf. Wanda ya shafa musu mai ko giris da nufin alheri ya yi ɓarna, domin ta nan zafi ke bi ya fita, kuma kamun da ke hana boris juyawa a mazauninsa ya dogara ne ga haɗuwar ƙarfe da ƙarfe. An yi kowane ɓare ya ɗan fi gurbinsa tsawo, yadda ɗaurin noti zai matse shi ya kama gam. Ƙaramin haƙorin da ke bakinsa jagora ne kawai na inda zai zauna. Ramin mai da ke jikin ɓaren kuwa tilas ya dace da na jikin inji, in ba haka ba an rufe wa boris rijiyarsa. Kowane murfi ya koma gurbinsa na asali, ya fuskanci inda yake fuskanta da, shi ya sa ake yi musu alama tun kafin a kwance. A ɗaure da sifana mai auna ƙarfin ɗauri bisa adadin da littafin injin ya faɗa, a kuma juya kiranshaf da hannu bayan kowane murfi. In ya cije, murfin da aka ɗaure a ƙarshe shi ne abin tuhuma.

Tsohon inji yana da wata matsala tasa. Shekaru na baƙin mai sukan bar daskararren datti a cikin hanyoyin da aka huda a jikin inji da cikin kiranshaf kansa. Sai an bi su da ɗan buroshi da kananzir, an hura iska, in ba so ake sabon mai ya kwaso tsohon datti ya kai wa sabon boris ba. Wanda ke aiki a fili lokacin hunturu ya ƙara kula, don a inda nauyi ya fi danna sandan, kaurin man bai wuce 'yan maikiron ba, ƙwayar ƙura ɗaya na iya fin sa girma.

Lokaci mafi hatsari shi ne tayarwar farko. Sandan bai yi saurin da zai ɗaga kansa ba, hanyoyin mai kuma babu kome cikinsu sai iska. Don haka ake shafa wa fuskar boris man haɗa inji mai kauri, wanda ba ya zuba ko da injin ya yi makonni a ajiye, amma yana narkewa cikin baƙin mai daga baya. Giris ɗin ƙafa bai dace ba, yana iya toshe ƙananan hanyoyi. Daga nan a zuba mai a gidan filta, a cire fulogogi domin fistan su tafi sakayau, a yi ta juya injin da batir har allurar ma'auni ta motsa. Sai ta motsa za a mayar da fulogogi a ba shi wuta. Bayan 'yan sa'o'i na aiki mara nauyi, a juye man tun yana da ɗumi, a duba ko da ƙyalli na garin ƙarfe a cikinsa, a sake filta.