Rajista Ba Ita Ke Ba Mawaƙi Haƙƙin Waƙarsa Ba

Wata magana ta daɗe tana yawo a situdiyoyin Kano, har matasan mawaƙa sun ɗauke ta tamkar doka: wai duk wanda ya riga kai waƙa rajista ta zama tasa, ko da mutum huɗu ne suka zauna suka tsara ta. Shi ya sa ƙungiyar da ta faro cikin zumunci kan watse da gaba, kowa na zargin ɗan'uwansa zai yi masa riga malam masallaci. Maganar nan ba ta da tushe.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ba ta rataya haƙƙi a wuyan rajista ba. Da zarar an rubuta baitoci a takarda, ko an naɗi murya ko da a waya ce, haƙƙin ya tabbata ga wanda ya ƙirƙira. Haka abin yake a ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Berne, wadda Najeriya ta shiga a 1993. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, NCC, tana karɓar rajista ta intanet, amma yin ta ganin dama ne.

To mene ne amfaninta? Rajista kamar takardar haihuwa take. Ba takardar ce ta haifi yaro ba, kuma wanda ba a yi wa ita ba bai fita daga 'ya'yan gidansu ba. Idan wani ya je ya rubuta sunansa a gurbin uban yaron da ba nasa ba, takardar ba ta mayar da shi uba. Sai dai ranar da aka je gaban alƙali, abin da ke rubuce shi za a fara ɗauka, mai musu kuma shi zai kawo hujja. Nan ne haɗarin yake ga 'yan ƙungiya. Idan mutum ɗaya ya sa sunansa shi kaɗai, sauran ba su rasa haƙƙinsu ba, amma wahalar tabbatar da shi ta hau kansu, kuma wanda bai adana littafin baitocinsa ko muryar gwajin farko ba zai sha wuya.

Akwai kuma masu zaton rajistar da suka yi da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta wadatar. Wannan izinin sana'a ne, bai shafi mallaka ba. Haƙƙin mallaka hurumin gwamnatin tarayya ne, shari'arsa kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake cuɗa abu biyu wuri ɗaya. Waƙar kanta, wato baitoci da karin murya, daban. Sautin da aka naɗa a situdiyo daban. Ta farko ta waɗanda suka tsara ta ce, kuma tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. In haɗin gwiwa ce, daga rasuwar na ƙarshensu ake fara lissafi. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa na da kariya har ƙarshen 2069, magadansa na da ta cewa. Sautin da aka naɗa kuwa kariyarsa shekara 50 ce, kuma doka na duban wanda ya shirya naɗin, wanda sau da yawa shi ne furodusa ko mai ɗaukar nauyi. Don haka mai kuɗi zai iya mallakar naɗi ba tare da ya mallaki baiti ko ɗaya ba, sai fa in an sayar masa a rubuce, domin doka ba ta amince da cinikin haƙƙi da fatar baki ba.

A gargajiyance uban kiɗi ke ɗauke sunan waƙa, 'yan amshi su yi ƙari, a raba kyauta bayan wasa bisa girma. Wannan tsari ya yi aiki lokacin da kuɗin ke zuwa a filin wasa, a idon kowa. Yau kuɗin YouTube da Audiomack asusun mutum ɗaya suke faɗawa, shekara da shekaru, babu mai gani. Wanda ya kawo amshin da ya ɗaga waƙar, da yarinyar da ta gyara baiti biyu, da mai kiɗan da ya ƙirƙiro karin, an sallame su da kuɗin mota.

Hukumar NCC na da nata alhakin. Dokar da ta shafi dubban masu waƙa da Hausa ta cancanci a riƙa bayaninta da Hausa a gidajen rediyo, a kai a kai. Amma kafin nan, 'yan ƙungiya, ku zauna tun waƙa ba ta fita ba, ku rubuta wanda ya yi baiti, wanda ya yi kari, wanda ya biya situdiyo, da kason kowa, ku sa hannu gaban shaidu. In za a yi rajista, a sa sunan duk wanda ya tsara waƙar.