Ko Ka San Dokar Da Ba A Gani A Cikin Rauta?

Ko ka san cewa rauta, na'urar nan da ke raba saƙonnin kwamfuta tsakanin cibiyoyin sadarwa, tana iya hana ofis guda shiga intanet saboda dokar da babu wanda ya rubuta mata? A na'urorin Cisco, kamfanin da aka kafa a Amurka a 1984, duk jerin izinin da aka ɗora wa rauta, wanda masu sana'ar ke kira ACL, yana ƙarewa da wani ɓoyayyen umarni: duk abin da ba a ambata ba, a hana shi wucewa. Ko ka ce a nuna maka jerin ba za ka gan shi a allo ba, amma yana nan yana aiki.

Rauta kamar mai gadi take da takarda a hannu. Saƙo ya iso, ta fara karantawa daga sama. Layin farko da ya dace da shi, da shi take aiki, ba ta ƙara kallon na ƙasa. Daga nan yawancin rigimar ke tasowa. A ce layi na 10 ya hana dukan kwamfutocin 192.168.1.0, layi na 20 kuma ya ba kwamfutar manaja, 192.168.1.5, izini. Manaja zai wuni yana faɗa, injiniya na rantsuwa ya ba shi hanya, kuma dukansu da gaskiyarsu: izinin na nan a rubuce, sai dai an tare saƙon tun kafin a kai gare shi. Keɓantaccen layi a sama ake sa shi, na gama-gari a ƙasa.

Akwai kuma tarkon lambobi. Wanda hannunsa ya saba da 255.255.255.0 wajen saita adireshi, a nan 0.0.0.255 ake so ya rubuta, domin a jerin izini sifili na nufin "sai ya dace", 255 kuma "kada ki damu da wannan". Ya juya su, rauta ba za ta ce uffan ba, ta karɓa ta ci gaba da tace abin da ba shi aka nufa ba. Haka wanda ya buɗe ƙofa ta 80 da ta 443 don shafukan intanet ya manta ta 53, wadda ake tambayar adireshin shafi ta cikinta. Sai a yi ta zagin kamfanin layi, alhali matsalar a cikin gida take.

Abin daɗin shi ne na'urar tana ƙirga. Umarnin show access-lists zai nuna sau nawa kowane layi ya kama saƙo. Layin da ba ya motsi alhali mutane na ta ƙoƙari, ko dai wani ya riga shi a sama, ko an ɗora jerin a mashigar da ba ita ba, ko an juya shiga da fita. Show ip interface ne ke warware biyun ƙarshe. Gwanaye ma sukan rubuta ɓoyayyen hanin da hannunsu a ƙarshe, su haɗa masa log, don su ga wa ake korowa.

Hattara da gogewa: a jeri mai lamba, umarnin no access-list 101 yana share jerin ne ɗungurungum, ko da layi ɗaya ka nufa. In kuma daga nesa kake gyara, layi ɗaya ya isa ya rufe ka a waje, ka koma neman mota zuwa inda na'urar take. Kafin ka taɓa komai buga reload in 10, kuma kada ka adana gyaran tukuna. In ka kulle kanka, bayan minti goma rauta za ta tashi da tsohon saitinta. In komai ya tafi daidai, ka soke da reload cancel sannan ka adana.